Taliya da soseji a kasko ɗaya: ma'aunin ruwa, tsarin zubi, da abin da ke sa ta caɓe

Wata uwargida mai zuwa aiki ta ce tana dawowa gida dab da magariba, maigida da yara huɗu suna jiran abincin dare. Ta ga ana dafa taliya da soseji a kasko ɗaya ba tare da an tafasa taliyar daban ba. Da ta gwada, sai ƙasan ya kama, saman ya caɓe, sosejin kuma ya kumbura ya yi lami. Tana neman ma'auni, da tsarin da za ta bi, da irin sosejin da ya dace ta saya.

Uwargida, matsaloli ukun da kika lissafa tushensu biyu ne: ruwan da ba a auna ba, da zuba komai a lokaci guda. Wannan girki ɗan'uwan dafa-dukan taliya ne da kika saba yi, sai dai shi ba ya yafe kuskuren ruwa. Idan kika tafasa taliya daban, ruwan yana da yawa, sitacin da take saki yana narkewa a ciki, ki tsiyaye ki zubar da shi. A nan ba abin da ake zubarwa. Sitacin yana nan cikin kaskon, shi ne ma yake ba miyar kauri har ta manne wa taliyar. Idan ruwan ya yi daidai, kin samu miya mai santsi ba tare da kin sa komai na kauri ba. Idan ya yi yawa, dole ki ci gaba da dafawa don ya tsotse, taliyar ta wuce lokacinta. Idan kuma ba ki juya ba, sitacin ya kwanta ƙasa ya ƙone.

Ki fara sanin irin sosejin da ke hannunki, domin a nan ne mafi yawan mutane suke zamewa. Mutanen Amurka ne suka fi yayata wannan girki a matsayin abincin daren ranakun aiki, kuma yawancin bayanan da suke rubutawa da ɗanyen soseji irin na Italiyawa suke, wanda galibi na naman alade ne da aka haɗa da shammar da tafarnuwa. Ɗanye ne, yana da kitse sosai, yana jure minti 15 cikin miya yana ƙara mata daɗi. Wanda ya fi yawa a shagunan kayan sanyi na wajenmu kuwa shi ne dogon nan mai laushi na kaza ko na shanu, wanda an riga an dafa shi tun a masana'anta. An niƙa namansa luƙui, an haɗa da ruwa da gishiri, sau da yawa har da sitaci. Idan kika bar shi yana tafasa minti 12 tare da taliya, zai sha ruwa ya kumbura, gishirinsa da ƙamshinsa su fice cikin miya, ya rage miki abu mai taushi marar ɗanɗano. Abin da ya same ki ke nan. Irin wannan suya kawai yake buƙata, a kwashe shi, a mayar da shi a ƙarshe. Akwai kuma mergez, siririn jan sosejin nan na Arewacin Afirka da ake yi da naman rago ko na shanu da barkono. Ɗanye ne, kuma idan kin same shi, ya fi kowanne dacewa da wannan girki, sai dai yana da yaji, ki rage attaruhu.

Wajen saye ki juya bayan ledar ki karanta. Ki nemi tambarin halal, ki duba jerin kayan haɗi ko akwai kalmar pork, ko porc idan da Faransanci aka rubuta, wato naman alade. Kada ki tsaya kan naman kawai: ana iya cusa naman shanu cikin hanjin alade, don haka ki duba abin da aka rubuta game da fatar da aka naɗe shi da ita. A Najeriya ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Sannan ki kalli ledar kanta. Idan ta kumbura, ko kin ga ruwa mai ja-ja ya daskare a kusurwa, ko ƙanƙara ta taru a ciki, alama ce kayan ya narke an sake daskarar da shi, abin da ɗaukewar wuta ke yawan jawowa. Wanda kika buɗe kika ji yauƙi a jikinsa ko tsami, ki zubar, suya ba ta gyara shi. Wasu kuma kowane ɗaya yana cikin siririyar leda mai kama da fatarsa, ki ja da farce ki gani, in ta ɓare ki cire.

Ga ma'aunin mutum 6. Taliya gajera leda ɗaya mai giram 500, irin mai bututu ko mai murɗe. Soseji giram 400. Albasa matsakaita 2, tafarnuwa ƙwaya 4, tattasai 2, attaruhu 1, ko 2 idan yaran sun saba. Ɗanyen tumatir 4 zuwa 5, kimanin giram 400, da tumatirin gwangwani ƙarami mai giram 70. Man gyaɗa babban cokali 3. Dunƙulen ɗanɗano 1 tak. Kori da tayim rabin cokalin shayi kowanne, ɗan masoro. Alayyahu cikin hannu 2. Ruwan zafi ko romo lita 1, da wani kofi ɗaya, wato mililita 250, da za ki ajiye a gefe da zafinsa. In ba ki da kofin awo, ledar ruwan sha da ake sayarwa yawanci rabin lita ce, biyu sun ba ki lita ɗaya.

Dalilin wannan lissafi: busasshiyar taliya tana shan ruwa fiye da nauyinta kaɗan kafin ta nuna, wato giram 500 zai sha wajen mililita 600 zuwa 700. Sauran wani ya tafi a tururi, wani ya haɗu da tumatir ya zama miya. Kofin da na ce ki ajiye shi ne abin gyara, domin murhu ya bambanta, murfi ya bambanta, taliyar wani kamfani ta fi ta wani sha. Ruwa ana iya ƙara shi a kowane lokaci, amma wanda ya yi yawa ba ya fita sai da lalata taliyar, shi ya sa ake farawa da kaɗan.

Kaskon ma yana cikin lissafin. Ki nemi mai faɗin santimita 28 zuwa 30, mai zurfin akalla santimita 6, mai kaurin gindi, mai murfi. Ƙaramin kaskon suyar ƙwai ba zai ɗauki leda guda ba. Idan ba ki da irin wannan, tukunya mai faɗi wadda ba ta da tsayi sosai ta fi. Doguwar tukunya mai ƙaramin gindi tana tara taliyar bisa juna, ta ƙasa ta nuna ta kama, ta sama tana nan da gari. Siririn kaskon alminiyom kuwa wuta tana cin tsakiyarsa, in shi ne da ke, sai ki rage wuta ki yawaita juyi.

Kina shiga kicin ki ɗora ruwan a buta ya tafasa, kafin ma ki ɗauki wuƙa. Wannan kaɗai yana rage miki wajen minti 5, kuma ruwan sanyi a kan soyayyen tumatir yana sa taliya ta daɗe a jiƙe kafin tafasa ta dawo. Ki yanka albasa ƙanana, ki daka tafarnuwa, ki jajjaga tattasai da attaruhu. Tumatirin ki goga shi ko ki yayyanka ƙanana. Kada ki markaɗa da ruwa, markaɗe yana ɗaukar lokaci kafin ya tsotse, ke kuwa rabin awa gare ki. Sosejin ki yanka a karkace, kaurin santimita 1, ki goge danshinsa da tsumma mai tsabta. Idan daga firiza kika ciro, ki sa shi da ledarsa cikin ruwan sanyi na minti 20 zuwa 30, ko ki sauko da shi firji tun da safe. Kada a bar shi a kan tebur ko cikin rana ya narke.

Ki ɗora kasko a wuta matsakaiciya mai ɗan ƙarfi, ki bar shi minti 2 ya yi zafi, ki zuba mai, ki jera sosejin ɗaya bayan ɗaya, kowanne fuskarsa a ƙasa. Daga nan ki ɗauke hannunki. Minti 2 zuwa 3 ba juyi. Idan kika ɗaga ɗaya kika ga gefensa ya yi ja mai duhu, ya ɗan lanƙwashe kamar ƙaramin faranti, man da ke kewaye da shi ya canza launi, to ki juya sauran, ki ba su minti 2, ki kwashe a kwano. Idan kaskon bai ɗauke su duka a shimfiɗe ba, ki soya kashi biyu. Sauri ya haifi nawa: in kika tula su gaba ɗaya, ruwansu zai fito, zafin kaskon ya faɗi, su turara maimakon su soyu, ki ɓata lokacin da ya fi na suya biyu kuma ba ki samu launin ba. Wannan ja-jan da ya manne a gindin kasko kada ki wanke shi, kada ki canza kasko. Rabin daɗin abincin a nan yake, ruwan tumatir ne zai ɗago shi.

Idan ɗanyen soseji ne, irin mergez ko na mahauci, ki tsaga fatar da wuƙa ki matse naman, ki gutsuttsura shi cikin kasko da mai cokali 1 kacal, domin zai fitar da nasa kitsen. Minti 6 zuwa 8 yake so, har jan ciki ya ɓace. Mai ma'aunin zafin nama ya nemi digiri 71 a ma'aunin Salshiyas ga na shanu ko rago, 74 ga na kaza. Kitsen da ya fito in ya wuce babban cokali 3, ki kwashe rarar. Shi wannan za ki iya barin rabinsa cikin kaskon ya dahu da taliyar, ki ajiye rabi don ƙarshe.

Ki rage wuta zuwa matsakaiciya, ki zuba albasa a cikin man, minti 3 zuwa 4 har ta yi laushi. Tafarnuwa ta biyo baya, daƙiƙa 30 kawai, domin tana saurin ƙonewa, in ta ƙone kuma ɗacinta ba ya fita. Sai tumatirin gwangwani. Ki soya shi cikin man kai tsaye kina murzawa da cokali na minti 2, har ya tashi daga ja mai haske ya koma ja mai duhu. Mutane da yawa suna tsallake wannan su narka shi cikin ruwa, shi ya sa abincin yake fitowa da tsami da ƙamshin gwangwani. Bayan nan ki zuba ɗanyen tumatir da jajjage da kori da tayim, ki kankare gindin kaskon da cokalin katako yayin da ruwansu ke fita, ki bar su minti 5 har ki ga mai ya fara tasowa a gefe.

Yanzu ki juye lita ɗayan ruwan zafi, ki marmasa dunƙule ɗaya, ki bari ya tafasa, ki ɗanɗana. Ki bar gishirin ya gaza yadda kike so. Ruwan nan zai ragu sosai, gishirin kuwa ba ya tafiya da tururi, ga soseji zai dawo da nasa. Wadda ta daidaita gishiri a wannan mataki za ta same shi ya yi yawa a faranti. Idan romo kika sa mai gishiri, ki bar dunƙulen gaba ɗaya.

Ki zuba taliyar, ki juya sosai, ki danna ta da bayan cokali ta nutse. Ruwan ya kamata ya kusa rufe ta, 'yan kawuna suna leƙowa, ba ta yi iyo a ciki ba. Da ya sake tafasa sai ki rufe, ki rage wuta yadda zai riƙa ɓararraka a hankali. Kowane minti 2 zuwa 3 ki buɗe ki juya, cokalin yana taɓa gindin kasko, kina ɗago ta ƙasa zuwa sama. Juyin farko shi ya fi muhimmanci, domin a mintunan farko ne fatar taliya take yin danƙo ta manne da juna. Idan a gawayi kike, ki janye wasu garwashin gefe da zarar ya tafasa, tunda ba maɓallin ragewa.

Lokacin da aka rubuta a jikin leda na tafasawa cikin ruwa mai yawa ne. A nan ki ƙara minti 2 zuwa 3 a kai, saboda tsamin tumatir yana jinkirta laushin taliya, ruwan kuma ya yi kauri. Idan an rubuta minti 10, ki sa ran 12 ko 13. Amma tun a minti na 9 ki fara ciro ɗaya ki gutsura ki duba tsakiyarta. Idan akwai farin zobe mai kauri, da saura. In ruwan ya kusa ƙafewa alhali zoben yana nan, ki ƙara rabin kofin da kika ajiye, ki rufe minti 2, ki sake dubawa. Idan farin ya rage ɗan siriri, ki cire murfin, ki mayar da sosejin da ruwan da ya tsatso a kwano, ki watsa alayyahu, ki juya minti 2.

Ki sauke tun tana da ruwa-ruwa. Wannan shi ne wurin da ido yake yaudarar mai girki. Idan kika ja cokali a gindin kasko, hanyar ta buɗe sannan miyar ta gangaro a hankali ta rufe ta, lokacin saukewa ya yi. Za ki ga kamar da saura, amma taliya tana ci gaba da shan ruwa bayan an kashe wuta, sitaci kuma yana ƙara kauri yayin da yake hucewa. Ki rufe, ki bar ta minti 5, kafin ki gama fito da faranti ta daidaita. Wadda ta jira sai ta bushe a kan wuta, a teburi za ta same ta ta dunƙule. A nan ne za ki ɗanɗana ki gyara gishiri, ki barbaɗa masoro, in kina da ɗoɗɗoya ko lawashi ki yanka a kai. Daga kunna wuta zuwa zubawa kimanin minti 35 zuwa 40 ne.

Masu son ta da madara, ƙaramin gwangwanin madarar ruwa marar sukari ya isa wannan adadi, ki kuma rage ruwan farko da kimanin mililita 100. Sai kin kashe wuta za ki zuba. Madara idan ta tafasa cikin tumatir tana tsinkewa ta yi gudaji-gudaji, ta gwangwani ta fi ɗanyen nono jurewa amma ita ma tana da iyaka. Cukun kanti mai narkewa, giram 80 zuwa 100 a goge, shi ma bayan an sauke ake watsa shi a rufe. Cukun Fulani ba ya narkewa, haka awara. Su ki yanka ƙanana ki soya tare da sosejin su zama ƙarin nama, kuma hanya ce mai kyau ta rage sosejin zuwa giram 250 ba tare da yara sun ga kaskon ya yi fayau ba.

Sauran kayan lambu kowanne da lokacin shigarsa. Karas da aka yanka sirara ya shiga tare da albasa. Koren wake ya shiga minti 5 kafin saukewa. Kabeji da koren tattasai minti 3. Kabeji da alayyahu suna sakin ruwa, in za ki sa da yawa kada ki taɓa kofin ajiyar sai kin ga yadda suka yi.

Idan supageti ce kawai a gida, za ta yi, amma ta fi gajera rigima. Ki karya ta biyu ko uku, ki watsa ta a gicciye maimakon ki ajiye ta damƙi guda, ki juya ba ƙaƙƙautawa a minti 2 na farko har ta lanƙwashe ta rabu. Ki bar murfin a karkace, kuma kusan kullum sai ta cinye kofin ajiyar duka. Ƙananan makaroni masu lanƙwasa suna nuna da wuri, wajen minti 8 zuwa 9, ki fara musu da mililita 900. Taliyar Hausa 'yar murji kuwa ban ba ki shawarar wannan hanya da ita ba. Fulawarta mai laushi ce, tana nuna cikin 'yan mintuna, tana sakin sitaci da yawa. Ki dafa ta daban yadda kika saba, ki yi miyar da kofi ɗaya na ruwa, ki haɗa a ƙarshe. Ko a ta kanti ma, wadda aka rubuta an yi ta da alkamar durum, wato alkama mai tauri, ta fi riƙe jikinta, kuma a girkin da ba a tsiyaye ruwa bambancin yana fitowa fili.

Kada ki ninka ma'aunin a kasko ɗaya. Tururin da ke fita ya danganta da faɗin kasko ne, ba da yawan abin da ke ciki ba, saboda haka leda biyu ba ta buƙatar lita biyu cif, kuma nauyin ta sama yana murƙushe ta ƙasa. Gidan da ake ciyar da mutum 12 ko 15, tafasa taliya daban ya fi sauri kuma ya fi tabbas. Idan rabi za ki yi, giram 250 a wannan faffaɗan kaskon, ki sa mililita 600, ba 500 ba, saboda wannan dalilin.

In abu ya riga ya ɓaci, ga abin da ake iya cetowa. Kika ji ƙauri, kada ki kankare, ki juye na saman cikin wata tukunya nan take, ki ƙara ɗan ruwan zafi ki ƙarasa a can. Cokali ɗaya na ƙonannen ƙasan ya isa ya ɓata duka. Taliya ta nuna amma ruwa ya yi yawa, ki kwashe rarar da ludayi, ko ki buɗe ki ƙara wuta na minti 1 kina juyawa, sannan ki sauke ki bar ta a buɗe. Gishiri ya yi yawa, ki tafasa ɗan wata taliyar ba gishiri ki haɗa, ko ki ƙara madara da ganye. Jefa dankali a ciki ba ya tsotse gishiri yadda ake faɗa, ruwan miyar yake sha da gishirinsa gaba ɗaya. Tsami ya yi yawa, rabin cokalin shayi na sukari yana rufe shi. Ban son kanwa a nan, tana dusashe jan tumatir ta kuma bar nata ɗanɗanon. Wadda ta riga ta caɓe ba ta dawowa, sai dai a juye ta a faranti mai faɗi ta huce da wuri don kada ta ƙara.

Tunda akwai yara, abu biyu. Yankan soseji zagaye-zagaye daidai yake da faɗin maƙogwaron ƙaramin yaro, kuma yana cikin abincin da likitocin yara suka fi gargaɗi a kansa wajen shaƙewa. Ga wanda bai kai shekara 4 ba, ki tsaga shi ta tsawo gida huɗu sannan ki yanka ƙanana, ya ci a zaune. Yaji kuma ki bar attaruhun daga kasko, ki ajiye dakakken yaji a teburi manya su barbaɗa. Na biyu, wannan ba abincin kullum ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, yara kuma ƙasa da haka, soseji da dunƙule kuwa duka masu gishiri ne sosai. A shekarar 2015 cibiyar binciken cutar kansa (ciwon daji) ta hukumar ta sa sarrafaffen nama, har da soseji, cikin abubuwan da ke haddasa kansa, inda ta ce cin giram 50 kowace rana yana ƙara haɗarin kansar hanji da kimanin kashi 18 cikin 100. Maganar ta masu ci kullum ce. Sau ɗaya a mako ko mako biyu, da ganye a ciki, shi ne abin da zan ce ki tsaya a kai.

Idan kina son rabuwa da na kanti gaba ɗaya, haɗin naman soseji ba wuya, kuma wannan girki ba ya buƙatar fata. Ki sa mahauci ya niƙa miki giram 500 na naman shanu da kitsensa, wajen kashi ɗaya cikin biyar ya zama kitse, domin zallar tsoka tana bushewa ta yi tauri. Ki zuba gishiri cokalin shayi 1 da rabi, tafarnuwa ƙwaya 3 a dake, garin busasshen tattasai cokalin shayi 2, masoro rabin cokali, shammar cokali 1 in kina da shi, da ruwan sanyi babban cokali 3. Ki murza da hannu minti 2 zuwa 3 har ya yi danƙo ya riƙa manne wa tafin hannu. Gishirin da murzar ne suke ba shi wannan haɗewar ta soseji, in ba haka ba niƙaƙƙen nama ne kawai mai warwatsewa. Ki yi shi ranar hutu, ki raba a leda, ki baje shi fale-fale kafin ki sa a firiza don ya narke da wuri. Da wannan haɗin ba kya buƙatar dunƙule sai dai in kin ɗanɗana kin ga da saura.

Abin da ya rage a kasko kada ya kwana a waje. Ki juye a roba mai faɗi ki sa a firji cikin awa 2, lokacin zafi da ya haura digiri 32 kuma cikin awa 1. Yana kai kwana 3 zuwa 4 idan firjin bai yi ta mutuwa ba. In wutar unguwarku ba ta da tabbas, ki dafa daidai cin dare ɗaya. Wajen ɗumame ki zuba babban cokali 3 zuwa 4 na ruwa ga kowane faranti, ki rufe a ƙaramar wuta, ki juya sau ɗaya ko biyu har tururi ya ratsa tsakiya. Za ta fi ta daren jiya laushi, shi ya sa idan kin san za a rage don yara su tafi da ita makaranta, ki ɗebi nasu kason minti 1 kafin ki sauke sauran.